Yaro ya kamu da son gasar ninkaya: ina ya kamata kuɗin iyaye ya tafi?

Wani uba daga Garin Malam ya rubuto: "Ɗana shekararsa 10, yana koyon ninkaya a pisin ɗin wani otal, mai koya masa ya ce yana da gudu. Ƙanena zai je Kano, in ba shi sautun wandon gasa mai tsada?"

Malam, a dakata da wandon nan. Irin wanda manyan 'yan wasa ke sawa matse jiki yake yi, bayan gasa kaɗan ya saki, kuma kafin shekara ta zagayo yaron ya fi ƙarfinsa. Abin da ke ƙara masa gudu yanzu shi ne yawan shiga ruwa a gaban mai horarwa: sau uku a mako, minti 45 zuwa awa ɗaya. Can ya kamata kuɗin ya tafi. Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini a pisin ɗin otal ya yi shirinsa, ya yi ninkayar mita 100 cikin minti 1 da daƙiƙa 52 a gasar Olimpik ta Sidni a 2000, daga baya da ya samu horo sosai ya sauko ƙasa da minti ɗaya.

Sautun Kano kuwa abu uku ne. Wando wanda ya kama jiki, a duba takardar cikinsa a ga polyester, domin mai yawan elastane, zaren nan mai miƙewa kamar roba, kulorin, maganin da ake zuba wa ruwan pisin, na cinye shi, 'yan watanni ya zama kamar rariya. Sai tabaran ruwa, kuma shi ne ya fi ba iyaye wahala: a manna shi a idon yaro ba tare da sa igiya ba, in ya tsaya daƙiƙa biyu ko uku kafin ya faɗo, ya dace da fuskarsa, in ya faɗo nan take, ruwa zai riƙa shiga ko an ɗaure igiyar kamar za ta tsinke. Tun da yaron ba ya cikin tafiyar, a sayo iri biyu masu araha. Kada a goge cikin gilashin da yatsa ko tsumma, akwai shafen hana hazo da ke gogewa. Na uku hular silikon. Ta latex zafin watan Afrilu kan sa ta manne ta yage a cikin jaka. Duka a ɗauraye su da ruwan pampo bayan atisaye, a shanya a inuwa.

Wata uwa daga Birni ta ce: "Kuɗin pisin ya yi mini yawa. Da damina tapki na cika, kuma kyauta ne. Me zai hana ya riƙa atisaye can?"

Hajiya, don Allah kada ki yarda. Ruwan da ke kwance shi ne gidan tsargiya: ƙwayar tana fitowa daga dodon koɗi ta huda fata, bayan makonni a ga jini a ƙarshen fitsari. Yaron da ke zubar da jini kullum ba zai yi ƙarfin gasa ba, kuma in aka bari cutar tana lalata mafitsara. In ya taɓa shiga tapki, a kai fitsarinsa likita a auna. Maganin, praziquantel, da nauyin yaro ko tsayinsa ake lissafa shi, ba na saye a tebur ba ne. Ga kuma ramukan da aka haƙa don tubali, da laka mai riƙe ƙafa, a ruwan da ba a ganin ƙasansa. Gwanin ninkaya ma yana nutsewa a irin wannan wuri.

In kuɗi ne ya gaza, iyaye huɗu ko biyar su haɗu su nemi mai pisin ya yanka musu kuɗin wata a lokacin da ba baƙi, kamar bayan asuba. Kafin a biya, a tsaya a bakin wuri mai zurfi: in ba a ganin ƙasa tangaran, a fasa. A tambayi awon ruwan: kulorin tsakanin miligiram 1 da 3 a lita, pH, wato awon tsamin ruwan, tsakanin 7.2 da 7.8. Wari mai yaji da ke jan ido alama ce ta kulorin da ya gauraya da gumi da fitsari, ba ta tsabta ba. Da hunturu kuma a rage lokaci. Ruwan gasa digiri 25 zuwa 28 ne, in leɓen yaro ya yi duhu yana karkarwa a fito da shi.

"'Yata na so, amma kayan da muke gani a talabijin ba su yi mana ba," in ji wani Alhaji daga Sabon Gari.

Alhaji, a atisaye tana iya sa doguwar riga da dogon wando na ninkaya da hula mai rufe gashi, muddin sun kama jiki. Atamfa da auduga ne haɗari, suna shan ruwa su yi nauyi. Dokar gasar duniya tun 2010 ta ce rigar mace kada ta rufe wuya, kada ta wuce kafaɗa ko gwiwa, don haka kafin a biya kuɗin motar zuwa gasa a Yamai a tambayi masu shirya gasar abin da suka yarda da shi. A nemi kuma mahaifiyarta ko yayarta ta riƙa zama a wurin horo. Hanyar a buɗe take ga mata: Roukaya Mahamane ta wakilci Nijar a mita 50 a Riyo a 2016.

Tambaya ta ƙarshe: "Yaya zan san yana ci gaba, kuma me zan yi ranar gasa?"

A fara da auna pisin ɗin da igiyar awo. Na gasa mita 25 ne ko 50, na otal sau da yawa bai kai ba, kuma kowace juyawa da tura bango tana rage lokaci. Shi ya sa yaro kan ruɗe in ya shiga babban pisin. A sami kaye guda, sau ɗaya a wata a rubuta lokacinsa da agogon waya, nisa ɗaya, salo ɗaya. A gwada shi da na watan jiya, ba da na ɗan maƙwabci ba.

Yara kan faɗi ta wajen doka ma, ba ta wajen gudu kaɗai ba. Tashi kafin sigina sau ɗaya ya isa a cire shi. A salon kwaɗo da na malam-buɗe-littafi dole hannu biyu su taɓa bango tare. A salon rigingine sai ya ƙarasa a kan bayansa. A kurol, wato ninkayar rub da ciki da hannu ɗaya bayan ɗaya, da rigingine da malam-buɗe-littafi, kansa ya fito sama kafin mita 15. A roƙi mai horarwa ya maimaita masa waɗannan har su zama jiki.

Ranar gasa ya ci abin da cikinsa ya saba awa biyu zuwa uku kafin shiga, koko ko shinkafa ba mai yawa ba, a ajiye ƙosai da soye-soye sai an gama. Tsakanin zagaye, dabino ko ayaba da ruwa, don yana gumi a cikin ruwan ko da ba a gani. In ya fito, a miƙa masa tawul da gora, a bar gyaran hannu da ƙafa ga mai horarwa. A saka tabarau na biyu a jaka, igiya kan tsinke daidai lokacin da aka kira suna.