Hukuncin haɗa kai da waɗanda ba Musulmi ba wajen yaƙi da wariya da ƙyamar baƙi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki da wata ƙungiya mai yaƙi da wariyar launin fata da ƙyamar baƙi, muna kuma hulɗa da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. Yawancin abokan aikina ba Musulmi ba ne. Wani ɗan'uwa ya ce mini wannan jiɓintar kafirai ce, kuma dokokin da muke kafa hujja da su ba na Allah ba ne. In ci gaba ko in bari?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ci gaba da aikinka. Ya halatta, kuma akwai lada a cikinsa idan niyya ta gyaru.

Abin da kuke yaƙa haramun ne a shari'a. Allah Ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 13, Ya sanya mu al'ummomi da ƙabilu domin mu san juna, kuma mafi daraja a wurinSa shi ne mafi taƙawa. A Suratur Rum, aya ta 22, Ya ƙirga bambancin harsuna da launuka cikin ayoyinSa. Wanda ya raina mutum don launinsa, aikin Mahalicci ya raina. Ranar da Abu Zarr (RA) ya goranta wa wani mutum mahaifiyarsa, Annabi (SAW) ya ce masa: "Kai mutum ne da akwai jahiliyya a tare da kai." Bukhari da Muslim suka ruwaito.

Amma ainihin tambayarka ita ce haɗa kai da wanda ba Musulmi ba, kuma hujja mafi ƙarfi a nan ita ce Hilful Fudul, wani ƙawance na kare wanda aka zalunta. Dubi dalilin ƙulla shi. Wani baƙo ɗan Zubaid ya kawo haja Makka, Asi ɗan Wa'il ya saya ya hana shi kuɗinsa, don ya ga ba shi da dangi a garin. Sai wasu gidajen Ƙuraishawa suka taru a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, suka yi rantsuwa za su tsaya wa duk wanda aka zalunta, ɗan gari ne ko baƙo. Mushirikai ne suka ƙulla shi, kafin annabci. Duk da haka Annabi (SAW) ya faɗa daga baya cewa ba zai so a musanya masa shi da jajayen raƙuma ba, kuma da za a kira shi zuwa gare shi a Musulunci da ya amsa. Ashe kare baƙon da ba shi da gata shi ne tushen wannan ƙawance, wato irin aikin da kake yi.

Jiɓintar da aka hana ita ce son kafirci, ko taimakon maƙiya a kan Musulmi. Adalci da kyautatawa ga wanda bai yaƙe mu ba kuwa, aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta halatta su ƙarara.

Batun dokoki kuma, yarjejeniyar kawar da wariyar launin fata da Majalisar ta amince da ita a 1965 alkawari ce tsakanin ƙasashe, kuma shari'a ta san alkawari. Ma'auninmu shi ne hadisin Tirmizi: Musulmi suna kan sharuɗɗansu, sai sharaɗin da ya haramta halal ko ya halatta haram. Idan aka cusa wani abu da ya saɓa wa nassi ƙarƙashin sunan yaƙi da wariya, ka janye hannunka daga wannan ɓangaren, ka bayyana uzurinka cikin ladabi, ka ci gaba da sauran.

Na san ana zargin waɗannan hukumomi da son kai, kuma zargin yana da tushe: a garin Sirebirenika na ƙasar Bosniya an kashe Musulmi kimanin 8,000 a 1995, a yankin da Majalisar ta ce yana ƙarƙashin kariyarta. Sai dai ta wannan hanya ce aka matsa wa mulkin wariya na Afirka ta Kudu har ya faɗi a 1994, kuma ta ita Gambiya ta kai Myanmar Kotun Duniya a 2019 kan zaluncin da aka yi wa Musulmi 'yan ƙabilar Rohingya. Idan muka ƙaurace, wa zai yi magana a madadinmu?

Nasiha ɗaya gare ka, kuma ita ta fi damuna. Kada ka ɗauka wannan cuta ta wasu ce kawai. A cikinmu akwai mai hana 'yarsa auren mutumin kirki don ƙabila, akwai mai danne haƙƙin ma'aikaci baƙo don ba shi da mai tsaya masa. Ka faɗi wannan a gaban 'yan'uwanka kamar yadda kake faɗin na wasu a taron ƙasashe. Ɗan'uwan da ya yi maka magana kuma ka zauna da shi, ka karanta masa labarin mutumin Zubaid.

Wallahu a'alam.