Filin Tambayi Anti: Na sayi katin Sallah amma na kasa rubuta mata komai

TAMBAYA: Salam Anti, sannu da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema. An sa ranar aurenmu bayan Babbar Sallah, yarinyar muna tare kusan shekara biyu kenan. To azumi ya zo ƙarshe na haɗa mata kayan sallah, atamfa da takalmi da ɗan turare, sai naga wani kati mai kyau a Sabon Gari na siya nace in saka a ciki. Yau kwana uku ina riƙe da biro na kasa rubuta ko layi ɗaya. Bara na tura mata wani dogon saƙo da na samu a wani guruf, wlh sai ta dawo min da cewa ai ƙawarta ma an turo mata irinsa sak, har yau in na tuna sai inji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni ba gwanin magana bane, ko zance naje ita ke jan hirar. Me zan rubuta?
Ƙaninki daga Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanina. Ka yafe min, sai da nayi dariya kafin na fara amsa maka. Ai ko ƙawar bata tona maka asiri ba WhatsApp da kansa zai tona, tun 2018 yake manna wa saƙo alamar cewa turo shi akayi, ƴar kibiyar nan da ke sama, kuma mata ita muke fara dubawa kafin mu karanta saƙon.

Tohm, ga ma'aunin da nake baiwa kowa. Duk abinda ka rubuta, ka cire sunanta ka gani, in zai iya zuwa hannun wata budurwa a Zariya ko Maraɗi ta karanta taji kamar da ita ake, to ba nata bane, yaga ka sake. Su "tauraruwar zuciyata" da "hasken idanuna" da "bana iya cin abinci saboda ke" duk an sha su har sun salance, ballantana ma ta ganka da idonta kana narkar tuwo a walimar abokinka, wa zaka ruɗa.

Shekara biyu kuna tare, ba zai yiwu ace babu wani ɗan abu da ya tsaya maka a rai ba. Shi zaka nemo. Ba sai babba ba, ƙaramin ma yafi shiga jiki, irin ranar da kaje zance ruwa ya tsare ka a soro ta aiko maka da shayi, ko lokacin da kayi zazzaɓi take kira da asuba taji ka sha magani, ko yadda take yin shiru in ranta ya ɓaci maimakon ta maka masifa gaban mutane. Mace tana son taji cewa an lura, cewa abinda tayi ba tare da tunanin kowa na kallo ba wani ya adana shi. Ga misali, amma dan Allah karka kwafa, ƙirƙirarsa nayi:

"Barka da Sallah. Har yanzu ban manta ranar da babur ɗina ya mutu a ƙofar gidanku ba, ina ta zufa ina jin kunya, ke kuwa kika turo ƙaninki ya taya ni turawa kuma baki taɓa tada maganar ba. Tun ranar na san bana neman wata. Allah ya nuna mana sallar baɗi a ɗakinmu."

Kaga layi nawa ne? Babu zuma babu tauraro, amma ita kaɗai a duniya zata karanta ta gane. Kuma rashin iya maganar da kake kuka dashi anan riba ce gareka, don in mai shiru-shiru ya faɗi kalma ɗaya tafi ta ɗan baki goma nauyi, ta san ba sana'arka bace.

Sai abu na biyu da samari ke mantawa. Kati ba saƙon waya bane da za'a goge. Kayan sallah in suka shiga gida a tsakar ɗaki ake baje su, ƙanne na leƙe, Yaya na ɗagawa, wataƙila ma Umma ce zata fara zaro katin daga cikin atamfar. Don haka ka rubuta abinda in surukarka ta karanta gobe zaka iya durƙusawa ka gaisheta ba tare da ka rasa inda zaka sa fuskarka ba. Ba'a ɗaura ba tukuna, a bar sauran sai an shiga daga ciki.

Ka fara gwadawa a wata takarda daban, ka karanta da ƙarfi, duk inda kaji ba haka kake magana ba ka soke. Da Hausa zaka rubuta tunda da ita kuke hira, baitocin turancin da aka buga a jikin katin basu shiga lissafi ba. Ka sa kwanan wata a ƙasa, 1 ga Shawwal da shekarar, don irin wannan a ƙasan akwati ake ɓoyewa. Kuma in zaka fesa turare to ambulan zaka fesa wa, na taɓa ganin katin da tawada ta narke kalmar ƙarshe ta koma shuɗin tabo, har yau mai shi bata san me aka ce mata ba.

TAMBAYA: Anti ni kuma shekararmu 9 da aure da yara uku, inaso in ba maigidana kati amma ban taɓa kiran sunansa ba, kuma su "masoyina" nauyi suke min a baki. Da me zan buɗe?
Ƴar uwarki daga Katsina.

AMSA: Ƴar uwa, da abinda kike kiransa kullum mana. In Abban wane kike cewa ki rubuta Abban wane, in Malam ne Malam, kunyar nan ma ado ce, shi kansa in yaga "masoyina" bayan shekara 9 sai ya juya katin ya duba ko na maƙota ne aka kawo. Ki gode masa akan abu guda takamaimai da yayi bana wanda baki samu bakin faɗa ba, ki rufe da addu'a. Karki miƙa masa hannu da hannu yara na tsaye, ki saka cikin aljihun rigar da zai sa zuwa idi, amma ki tabbata an riga an kawo ta daga wajen mai guga.