Tab ɗin yarana tana ɗaukar zafi: lalacewa ce ko haka take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Sakkwato. Bara na saya wa yarana kwamfutar hannu, wadda ake ce wa tab, mai ɗaukar layi, don sauraron karatun Alƙur'ani da kallon darussa. Tun da bazara ta shigo, in suka yi kamar minti 20 suna kallo sai bayanta ya yi zafi rau, ta riƙa nauyi, haskenta ya ragu da kansa. In tana caji abin ya fi muni. Tana cikin rigar roba mai kauri saboda faɗuwa. Maƙwabciyata ta ce in riƙa sa ta a firji, ƙanena kuma ya saka mata manhajar sanyaya waya. Tsorona kada ta fashe a hannun yaro. Me zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Daga yadda kika bayyana, na fi kyautata zaton tab ɗinki lafiyarta lau, yanayin da take aiki a ciki ne ya fi ƙarfinta. Amma kafin komai, kada ki kai ta firji, kuma ki goge waccan manhaja yau ɗin nan. Dalilin zai zo.

Duk wutar da ta fita daga batir, ƙarshenta zafi take zama. Ƙwaƙwalwar na'urar tana lissafi, fuskarta tana haske, ɓangaren sabis yana magana da eriyar kamfanin waya, kowanne yana fitar da nasa ɗumin. Yawancin kwamfutocin cinya suna da fanka da ke hura zafin waje. Tab ba ta da fanka, ba ta da ƙofar iska. Jikinta kaɗai ne mafita, wato bayanta da gilashinta. Saboda haka zafin da kike ji a tafin hannunki zafi ne da ya samu hanya ya fito, kuma haka masu ƙera ta suka so. Wanda ke ɓarna shi ne wanda aka tsare a ciki.

Zafi kuwa ba ya tafiya sai inda ya fi sanyi. Kamfanin Apple ya rubuta cewa a yi amfani da iPad, wato tab ɗin da yake ƙerawa, a wurin da zafinsa ke tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, kuma sauran manyan kamfanoni ma kusan nan suka tsaya. To ki duba Sakkwato a watan Afrilu da Mayu, inda ma'auni ke haura 40 a inuwa, balle ɗaki mai rufin kwano da azahar babu wuta. Tun kafin yaro ya taɓa ta, tab ɗin ta riga ta wuce iyakar da aka yanka mata. Shi ya sa ba ki ji kukanta da hunturu ba, alhali karatun da suke saurare bai canza ba. Haka abin yake a Kano da Maiduguri da Damagaram, duk shekara da bazara ake cika shagunan gyara da wannan ƙorafi.

Nauyin da take yi da raguwar haske ba alamar lalacewa ba ce. Akwai ƙananan ma'aunan zafi a kusa da batir da ƙwaƙwalwa. Da sun ga abin ya hau, sai na'urar ta rage wa kanta gudu, ta rage haske, ta sassauta caji ko ta tsayar da shi. iPad in ta kai maƙura takan rufe fuska ta rubuta cewa sai ta huce kafin a ci gaba. Kare kanta take yi. In kin ga haka, a ajiye ta kamar rabin awa, kada a tilasta mata.

Yanzu ga inda nake ganin matsalarki take. Abubuwa uku kika haɗa a lokaci guda: kallo, caji, da rigar roba. Batir in yana shan caji, ba duk wutar ce ke zama a cikinsa ba, wani kaso yana tsiyayewa a matsayin zafi, kuma in caja mai sauri ce zafin ya fi yawa. Ga shi a daidai lokacin yaro ya ƙure haske yana kallon bidiyo ta data. Sannan duk wannan an naɗe shi cikin roba mai kauri, irin mai hannu da ƙafa da ake yi wa yara, wadda a wajen zafi ba ta da maraba da bargo. In kuma aka ɗora ta a katifa ko filo, an toshe mata ɗan abin da ya rage. Murhu biyu ke nan a ɗakin girkin da babu taga. Na san dalilin da ke sa mutane yin haka: wuta ba ta zama, in an kawo kowa yana rige-rigen soket, yara kuma ba sa haƙurin jira. Duk da haka, in abu ɗaya za ki ɗauka daga amsar nan, to ki raba lokacin caji da lokacin kallo. In za a sa caji a tuɓe mata riga, a kwantar da ita a kan tayil ko daɓen siminti a inuwa, fuska a kashe. In ta cika, ko ta kai wajen kashi 80 zuwa 90, a cire, a mayar da riga, a ba yara. Ban ce a jefar da rigar ba, gilashin da ya fashe ma asara ce. Da bazara dai a nemi mai sirara, ko a riƙa cire ta in yaran za su zauna wuri guda a jingine tab ɗin a gabansu.

Rana kuma mutane suna raina ta. Da tsakar rana, hasken da ke sauka a kan murabba'in mita guda ya kai wajen wat 1,000. Tab mai inci 10 in tana fuskantar rana, rabonta ya kusa wat 40, baƙin gilashi kuwa shanyewa yake yi. Ita kanta na'urar, in ana kallon bidiyo, abin da take ci bai kai wat 10 ba. Kin ga ajiye ta a tsakar gida ko bakin taga ya fi duk wani aiki da yaro zai sa ta zafafa ta. Ga ƙari: in hasken waje ya yi yawa sai ta ƙure nata hasken don a iya gani, fuska kuwa tana cikin manyan masu cin batir. Mafi muni shi ne barin ta a motar da aka ajiye a rana, inda zafin ciki kan wuce digiri 60.

Tunda mai layi ce, ki lura da sabis. In sandar sabis ɗaya ce ko biyu, na'urar tana ƙara ƙarfi don muryarta ta kai ga eriya, kamar mai kwaɗa kira daga wancan gefen gona. Wannan yana cin batir yana kawo zafi, haka ma in ana raba data daga ita zuwa wasu wayoyi, ko doguwar hira ta bidiyo. Ga yaranki maganin mai sauƙi ne. Karatun Alƙur'ani da darussan da suke maimaitawa, ki sauke su da dare ko da asuba lokacin da gari ya yi sanyi, da rana a kashe data ko a sa ta a yanayin jirgin sama. In sauraro kawai ake yi, a kashe fuskar ma. Za ki ga bambanci a zafi, ki gan shi a kuɗin data.

Maganar firji. Ki tuna yadda kwalbar lemo take gumi in an fito da ita. Haka tab za ta yi, amma nata gumin har a ciki, a kan allon wayoyinta, inda ba mai iya sharewa. Ruwa da wuta in sun haɗu a can, ko dai ta mutu nan take ko tsatsa ta ci ta a hankali. Haka nan ban yarda da jiƙaƙƙen tsumma ko ƙanƙara ba. A kashe ta, a tuɓe riga, a sa ta gaban fanka ko a yi mata fifita. Ya wadatar.

Manhajar sanyaya waya kuwa, babu manhajar da ke da ikon fitar da zafi daga ƙarfe. Abin da suke yi shi ne rufe wasu manhajoji, waɗanda ke sake buɗe kansu bayan ɗan lokaci, aikin ya zama biyu. Da yawansu talla suke lodawa ba dare ba rana. Abin yana ba ni takaici, domin mutum da kyakkyawar niyya yake sauke su, su kuma su ƙara masa ciwon da ya zo nema wa magani.

To fashewa fa, wadda ita ce ainihin tsoronki? Batirin litiyam, irin wanda ke cikin tab da waya, yana iya kamawa da wuta, ba zan ɓoye miki ba. A 2016 Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 daga kasuwa, har aka hana shiga jirgin sama da ita. Amma wancan aibi ne a ƙirar batirin tun daga masana'anta. Batir mai lafiya ba ya fashewa don yaro ya kalli darasi. Abin da zafin yau da kullum ke yi shi ne tsufar da shi da wuri. An tsara a yi wa irin wannan batir caji ƙasa da digiri 45, kuma duk lokacin da ya daɗe yana cike taf cikin zafi, wani abu na ƙarfinsa yana tafiya ba dawowa. Wanda ya kamata ya yi shekaru sai ki ga tun da wuri ya daina riƙe caji. A ƙarshe yana iya tara iska ya kumbura, kuma kumburin nan shi ne abin tsoro.

Don haka ki tuɓe rigar ki duba, domin roba mai kauri tana ɓoye kumburi wata da watanni. Ki kwantar da tab ɗin a kan tebur. In tana lilo ba ta kwanta daidai ba, ko gilashi ya ɗaga daga gefe, ko wani tabo ya fito a fuska kamar ana turo shi daga ciki, ko kin ji wari mai kama da na sinadarin goge farce, to a daina caji, a kashe ta, a karɓe ta daga hannun yara. Kada a danne ta don ta koma, kada a huda, kada wani ya ce zai sace iskar da allura. A ajiye ta a kan siminti nesa da labule da katifa har a kai wa mai gyara. Tsohon batirin kuma kada ya shiga bolar da ake cinna wa wuta.

In babu kumburi, ga gwajin da za ki yi da kanki. Da safe, ba caji, ba riga, ki sa ta a yanayin jirgin sama ki kashe fuska, ki bar ta awa guda. Ya kamata ki same ta da sanyin ɗaki, cajin bai ragu da wani abin kirki ba. In kin same ta da ɗumi, akwai abin da ke aiki a ɓoye. Ki shiga saiti, ɓangaren batir, za ki ga jerin masu cin wuta. Duk sunan da ba ki sani ba, musamman wasannin da yara ke turo wa juna ta Xender, ki goge. A ƙarshen 2017 kamfanin tsaron intanet na Kaspersky ya gano wata muguwar manhaja mai suna Loapi da ke sa waya aiki mai nauyi na haƙar kuɗin kirifto a ɓoye, kuma a gwajinsu cikin kwana 2 batirin wayar ya kumbura. In kuwa kwanan nan na'urar ta sabunta tsarinta, ɗumin kwana ɗaya ko biyu ba komai ba ne. Idan kina son ganin lamba maimakon ji da hannu, manhajar AIDA64 tana nuna zafin batir a Android. In ya doshi 45, a ba ta hutu. Wannan lamba ta shafi fatar yaro ma: abu mai digiri 44 in ya yi sa'o'i manne da fata yana ƙona ta, don haka kada a bar ƙaramin yaro ya yi barci da ita a ƙirji ko cinya.

Saura caja. In ba wadda ta zo da ita ba ce, ki taɓa kan cajar da bakin da ke shiga tab ɗin bayan minti 10. Ɗumi ba laifi, amma in ba ya taɓuwa, ko bakin ya yi baƙi, ko fuskar tana danna kanta in ana caji, a canza caja da wayarta gaba ɗaya, a kuma duba ko ƙurar hunturu ta cushe ramin. Caja mai arha ba ta iya tace wutar ƙaramin janareta da ke hawa da sauka. Gara ki cika fawa bank mai kyau, ki ba tab ɗin daga gare shi, amma kada ki ɗora ɗaya a kan ɗaya, kowanne da nasa zafin.

In kin yi duk wannan, kin goge manhajoji, har kin kwashe kayanki kin mayar da ita yadda ta fito daga kwali, amma tana zafi ba a taɓa ta ba, ko zafin ya taru a wuri guda kamar kusa da ramin caji, to ciwon a cikin ƙarfe yake. Ki kai wa mai gyara, ki ce ya auna wutar da take ja in fuska a kashe take kafin ya ce batir ne. In batir ɗin ne, ya nuna miki sabon ki ga lambarsa ta yi daidai da ta tsohon kafin ya rufe.