Amsa ga mai tambaya kan yaron da zuciyarsa ke dama

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba yaro lafiya. Kin ce an yi wa ɗanki ɗan wata huɗu hoton ƙirji a Agege saboda tari, aka ga zuciyarsa a dama, kina tambaya ko sai an yi tiyata an mayar da ita hagu.

Ba a mayar da ita, kuma zamanta a dama shi kaɗai ba ciwo ba ne. Tun makonnin farko na ciki abin ke faruwa, ba wani abu kika ci ba. A fara tabbatar da cewa ba alamar dama da hagu aka juya a jikin hoton ba, don hakan na faruwa. Daga nan sai eko na zuciya, wato sikanin da ke nuna yadda zuciya take daga ciki, da sikanin ciki. Asibitocin koyarwa na Legas, LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja, duk suna da likitocin zuciyar yara.

Abin da ake nema shi ne inda sauran kayan ciki suke. In komai ya juya gaba ɗaya, hanta a hagu, tumbi da saifa a dama, da sauƙi. Kusan mutum 1 cikin 10,000 haka yake, yawancinsu har su tsufa lafiya lau. Sai dai duk likitan da zai duba shi a sanar da shi, domin wayoyin ECG, wato gwajin bugun zuciya, juya su ake yi, ciwon afendis kuma yawanci ta hagu yake tasowa.

Mai wuyar shi ne wasu sun juya, wasu ba su juya ba. A nan ake yawan samun naƙasar zuciya, hanji na iya murɗewa, wani yaron ma babu saifa. Amai kore a jariri, ko da tsakar dare ne, asibiti kai tsaye, kada a tsaya jiƙo. Marar saifa kuwa ana ɗora shi kan maganin fenisilin kullum, a cika masa rigakafi, ya kwana a gidan sauro, in zafin jikinsa ya kai digiri 38 a kai shi asibiti a ranar.

Tarin nan ma kada ki raina shi. In majina ba ta ɗauke masa tun haihuwa, ki faɗa wa likita ya binciki ciwon Kartagener, inda 'yan silin gashin da ke share majina daga huhu ba sa motsi yadda ya kamata.