Amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya kan hasken leza bayan cire haƙori

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jiki, Allah ya kawo sauƙi. Kin ce yau kwana huɗu da cire miki turmin ƙarshe na ƙasa, kwana biyun farko kin fara jin dama, sai ciwon ya dawo har ya fi na kafin a cire, yana harbawa zuwa kunne, baki kuma yana wari. Kin koma asibitin sun ce ki biya kuɗin haska wurin da leza sau uku ko huɗu, shi ne kike tambaya ko abin yana aiki da gaske. Ina karantawa na gane ciwon, don ni ma na ɗanɗana shi, kuma a ɓangaren haƙori nake aiki. Shi ya sa ban iya wucewa ba.

Kafin maganar leza, abin da kika kwatanta ya yi kama ƙwarai da busasshen gurbi. Idan aka cire haƙori jini yakan daskare a cikin ramin, wannan gudan jinin shi ne yake rufe ƙashi da bakin jijiyoyi, kuma a kansa sabuwar tsoka take tasowa. In ya narke ko ya fita kafin lokaci, ƙashin muƙamuƙi yakan zauna a buɗe, yawu da iska da guntun abinci duk suna taɓa shi. Yawanci tsakanin kwana na biyu da na huɗu yake bayyana. A cirewar yau da kullum bai cika wuce mutum biyar cikin ɗari ba, amma a turmin ƙarshe na ƙasa, musamman wanda ya kwanta a cikin ƙashi sai da aka tsaga dasashi, yakan kai har kusan kashi 30 cikin ɗari. To kin ga ba ke kaɗai ba ce, kuma ba lallai wani sakaci kika yi ba.

Wanda bai taɓa yin sa ba ba zai gane ba. Da rana mutum yana iya daurewa, yana ɗan harkokinsa. Dare ne tashin hankalin. Ana kwantawa zugin yake tashi daga ramin ya bi muƙamuƙi ya shiga kunne, ya hau gefen kai, wani lokaci har ƙasan ido, mutum ya rasa ma wane haƙorin ne yake ciwo don duk layin ya ɗauka. A sha magani, ya lafa na awa ɗaya ko biyu, ya dawo. A kurɓi ruwa, sanyinsa ya taɓa ƙashin, hawaye ya zubo ba shiri. Ga ɗanɗanon ruɓa a baki da ba ya fita, ga kunyar yin magana kusa da mutane, ga yunwa don ba a iya tauna. Mutanen gida kuma suna cewa ai an riga an cire haƙorin, me ya rage kuma, raki ne kawai. Wannan maganar ta fi komai ciwo. Ba raki kike yi ba wallahi, duk wanda ya san aikin ya san wannan yana cikin ciwon da ya fi kowanne tsanani a baki.

Leza ɗin da suka faɗa miki ba ƙarya ba ne, kuma ba sabon abu ba ne. Tun 1967 wani likita a Budafes ta ƙasar Hungari, Endre Mester, ya lura cewa ɓerayen da ya aske wa baya ya haska su da leza mai rauni gashinsu ya fi saurin tsirowa. Ba irin leza mai yanka ko ƙonawa ba ne. Haske ne ja, mai tsawon zango (ma'aunin da ake bambance irin haske da shi) wajen nanomita 630 zuwa 660, ko kuma wanda ido ba ya gani, wajen 800 zuwa 980. Jan bai wuce 'yan milimita yake shiga ba, shi ya sa ake amfani da shi a kan dasashi kai tsaye, ɗayan kuma ya fi nitsewa, ana ɗora shi ta waje a kan kunci don tsokar tauna. Ƙwayoyin jiki suna shan hasken, sashen da yake samar musu da kuzari ya ƙara aiki, jini ya ƙara gudana a wurin, sinadaran da suke kawo kumburi da zugi su ragu.

Yadda ake yi kuwa ba ya ɗaukar lokaci. Ke da mai haskawa duk za ku sa tabarau na musamman, ba tabarau na rana ba, don hasken da ba a gani shi ya fi haɗari ga ido. Za a ɗora kan na'urar a gefen ramin ta ɓangaren kunci, da ta ɓangaren harshe, da saman ramin, sannan wurare biyu ko uku ta waje a kusurwar muƙamuƙi. Ƙarfin yakan zama ƙasa da miliwat 500, sau da yawa wajen 100. A miliwat 100, daƙiƙa 40 a wuri ɗaya ya ba da jul 4 (jul shi ne ma'aunin yawan hasken da wurin ya samu), kuma abin da ake nema a kowane wuri bai wuce 'yan jul kaɗan irin haka ba. Duka-duka mintuna kaɗan ne. Bai kamata ki ji zafi ba, iyaka ɗan ɗumi. Idan kin ji ƙuna ki ɗaga hannu a tsaya nan take, domin na'urar da ake wannan aikin da ita a asibitoci da dama ita ce dai ake yanka dasashi da ita idan an ɗaga ƙarfinta zuwa wat ɗaya ko fiye, bambancin saiti ne kawai. Kuma ƙara lokaci ba ya ƙara amfani. Kamar gishiri ne a miya, in ya yi kaɗan ba a ji shi ba, in ya zarce ya ɓata aikin, don hasken da ya wuce kima yana rage saurin warkewa ne maimakon ya ƙara.

Abin da bincike ya nuna a kan cire turmin ƙarshe shi ne yana iya rage zugi da kumburi da ƙagewar baki a kwanakin farko, amma ragin matsakaici ne, kuma sakamakon bai zo iri ɗaya ba, wasu sun ga bambanci wasu ba su gani ba, saboda kowa da irin na'urarsa da adadin da ya ba da. Inda ya fi samun karɓuwa a wurin likitoci shi ne gyambon baki na masu ciwon daji da ake yi wa gashi da na'ura ko ƙarin magani mai ƙarfi. A busasshen gurbi ma an gwada shi, kuma ya taimaka wajen saukar da ciwo. Amma a waɗannan gwaje-gwajen sai an wanke ramin tukuna ake haskawa.

Nan ne raina yake ɓaci. A ce mace ta dawo tana kuka da ciwo, ba a zaunar da ita an leƙa ramin ba, ba a wanke ba, sai a fara yi mata lissafin zama uku ko huɗu. Wasu kuma tun ranar cirewa ba sa buɗe baki su yi wa mutum bayanin komai, a cusa masa auduga a ce ya tafi, ya je gida ya yi ta kurkure baki da tofar da yawu don yana ganin tsafta yake yi, nan kuwa gudan jinin yake fitarwa. In ya dawo a rubuta masa Amoxil da Flagyl a sallame shi. Busasshen gurbi ba ciwon da maganin kashe ƙwayoyin cuta yake warkarwa ba ne, sai fa in akwai mugunya ko zazzaɓi ko kumburi mai yaɗuwa. Mutum ya sha kwana biyar yana jiran sauƙi, bakinsa ya ƙara ɗaci da Flagyl, ciwo na nan inda yake. Bayanin minti biyu ne da zai hana duk wannan wahalar, amma an fi son a kira na gaba. Haba!

Ki koma gobe da safe, kada ki jira ranar da suka ba ki. Ki ce a duba miki ko gudan jinin yana nan. In babu, abin da ya kamata a yi shi ne a wanke ramin a hankali da ruwan gishirin asibiti a sirinji, a fitar da guntun abinci, sannan a sa maganin da ake cusawa a gurbi, irin Alveogyl ko makamancinsa. Sinadarin da yake cikinsa na man kanumfari ne, kuma mutane da yawa kafin su kai gida sun ji sauƙi. Wani sai an sake sa masa bayan kwana ɗaya zuwa uku. Idan kuma irin wanda ake naɗewa a ƙyallen asibiti aka sa miki, ki tambayi ranar cire shi, don ba a barin sa a ciki. In ciwon bai yi daidai da abin da suka gani ba, su ɗauki hoto a tabbatar ba guntun saiwa ko tsagin ƙashi aka bari ba. Bayan an yi wannan, in kina da hali kuma kuɗin ba zai takura ki ba, ki karɓi leza ɗin, ƙari ne mai kyau. In babu hali, kada ki ci bashi saboda shi. Da shi da babu shi, ciwon yakan sauka cikin kwana 7 zuwa 10.

Da na ambaci kanumfari kada wata ta ɗauka na ce a daka a cusa. Man kanumfari tsantsa yana ƙona dasashi. Haka ma asfirin da ake dannawa a wurin, da kanwa, da garin taba, balle ruwan batir da har yanzu ake samun masu ɗigawa a haƙori. Kuma don Allah ki bar tsinken sakace da harshe su huta da wurin. Wani fari-farin abu ko mai ruwan ɗorawa da ake gani a ramin bayan 'yan kwanaki ba mugunya ba ne, sabuwar tsoka ce take tasowa, mutane da yawa suna ƙwaƙule shi da hannunsu.

Maganin zugi: ibufurofen miligiram 400 bayan cin abinci duk awa 8, tare da farasitamol ƙwaya biyu ta miligiram 500 duk awa 6, kada farasitamol ɗin ya wuce ƙwaya takwas a yini da kwana. Haɗa su ya fi shan ɗaya shi kaɗai. Amma in kina da olsa, ko ciwon ƙoda, ko juna biyu, ki bar ibufurofen sai kin tambayi likita. Ki guji haɗin nan na kemis da ake ƙullawa a leda, sau da yawa magani iri ɗaya ne kala biyu ko uku a ciki, ciki da ƙoda ne suke biyan kuɗin. Tunda kin wuce awa 24, ki riƙa sa rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, ki kurɓa ki karkata kai ya zauna a wurin, ki buɗe baki ya zubo da kansa, ban da kurkurawa da ƙarfi. Bayan kowane cin abinci da kafin barci. Kunu ko koko sai ya huce, fate, dankali da aka dama, ƙwai, ayaba, duk lafiya. Shinkafa da gyaɗa da goro ki ɗaga musu ƙafa, su ne suke maƙalewa a ramin. Kada ki zuƙi komai da tsinken shan lemo. Da daddare ki ƙara matashi, kai ya ɗan ɗaga, zugin yakan ragu.

Ba ki faɗa ba, amma in kina shan ƙwayar tsarin iyali ki gaya wa likitan, tana cikin abubuwan da suke sa gudan jinin ya narke da wuri. Ga mazan da ke karantawa, sigari da shisha su ne kan gaba, a haƙura da su ko na kwana uku ne bayan cirewa. Mai ciwon suga da mai sikila su ma su faɗa tun kafin a taɓa haƙorin. Leza ɗin kansa ba a haska shi a kan wani ƙari ko gyambon da ba a san asalinsa ba, ba a kai shi kan maƙogwaro, mai juna biyu kuma ta sanar kafin a fara.

Akwai alamomin da ba na jira ba ne, kuma ba na leza ba ne: zazzaɓi, kumburin da yake ƙaruwa bayan kwana uku maimakon ya sauka, kumburi a ƙarƙashin harshe ko haɓa, wahalar haɗiye yawu ko numfashi, bakin da ya ƙi buɗuwa ko yatsa biyu ba sa shiga. In kin ga ɗaya daga ciki, ko tsakar dare ne, a kai ki babban asibiti ɓangaren gaggawa.

Sai kuma leɓenki na ƙasa da gefen harshe, ki taɓa ki ji. Idan har yanzu a mace suke kamar allurar ba ta sake ki ba, ki faɗa musu gobe a rubuta a katinki, don jijiyar tana wucewa dab da saiwar wannan turmin, kuma ana son a fara bibiyarta da wuri. In kin je ki tambaye su tsawon zangon hasken na'urarsu da daƙiƙa nawa suke yi a kowane wuri, ki rubuto mana a nan in duba miki. Allah ya ba ki lafiya 'yar'uwa.