Kyauta ga wadda aka riga aka sa wa rana

Ɗan'uwa, ka ce 'yar maƙwabtanku a Jidda, wadda kuka taso tare, an sa mata rana, kana sonta a ɓoye, kuma kana son kai mata turaren ud daga kasuwar Balad. Don Allah ka haƙura. Turare kyautar masoyi ce, duk wanda ya ji ƙamshinsa a abayarta sai ya tambayi wanda ya kawo. Ka san mutanenmu, magana ba ta kwana, kuma ita za a zarga.

Manzon Allah (SAW) ya hana neman aure a kan neman wani, hadisin yana Bukhari da Muslim. In ka matsu, sayi dabinon Ajwa, ƙanwarka ta miƙa wa mahaifiyar yarinyar lokacin biki da sunan gidanku.