Tambaya da Amsa: Harbin Faifan Ƙarfe Ba Tare da Harsashi Ya Dawo Ba

Tambaya: Muna koyon harbi a filin da hukuma ta yarda da shi. Na samu wani faifan ƙarfe mai kauri a wurin masu walda, ina so in rataye shi mu riƙa gwada saiti. Akwai matsala?

Amsa: Malam, don Allah kada ka rataye shi. Taurin ƙarfe ake dubawa kafin kaurinsa. Ƙarfen gini da masu walda ke aiki da shi yana da taushi, harsashi kan haƙa masa ƙaramin rami mai baki kamar na cokali. Harbi na gaba in ya faɗa cikin ramin nan, ɓarɓashinsa zai bi lanƙwasar ya juyo wajen mai harbi. Ƙarfen da aka yi don wannan aiki shi ne AR500, wanda taurinsa ya kai kusan 500 a ma'aunin Brinell, ko AR550 da ya fi shi. Harsashin dalma in ya buge shi sai ya farfashe, ya bar tabo mai launin toka kawai. Kaurin milimita 6 ya isa ƙaramar bindiga mai harsashin .22, ana amfani da kusan milimita 10 ga bindigar hannu da yawancin dogayen bindigogi, manya kuma milimita 12 zuwa sama.

Kafin kowane atisaye ka shafa fuskar faifan da tafin hannu. In yatsanka ya ji rami, ko ka ga tsagewa, ko faifan ya fara lanƙwashewa kamar kwano, aikinsa ya ƙare. Kada a cike ramin da walda, domin zafin wuta yana kashe taurin wurin.

Tambaya: Wace tazara ce ta dace, kuma yaya ake kafa faifan?

Amsa: Ga bindigar hannu, kada ka matsa ƙasa da mita 10. Doguwar bindiga kuwa sai mita 100, kuma gudun harsashi lokacin da ya isa faifan ya kasance ƙasa da mita 900 a daƙiƙa, don gudu ne ke cin ƙarfe fiye da nauyin harsashi. In kamfanin da ya ƙera faifan ya rubuta tazarar da ta fi wannan, tasa za a bi.

Wajen kafawa, kan faifan ya sunkuyo gaba da kamar digiri 20, yadda ɓarɓashi zai nufi ƙasa. A rataye shi da sarƙa ko igiyar roba mai kauri ya riƙa lilo, domin lilon yana shanye wani ɓangare na ƙarfin bugun. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi: ɓarɓashin yana watsuwa ne ta gefe-gefe, dama da hagu da sama da ƙasa, kusan a layi ɗaya da fuskar faifan. Duba ƙasan da ke ƙarƙashinsa bayan harbi hamsin, za ka ga layi ya tsagu kamar an ja da wuƙa. Saboda haka babu mai tsayawa a gefe, kuma ƙasan ya zama yashi ko ƙasa mai laushi, ba dutse ko siminti ba. Ka tsaya daidai gaban faifan, kada ka harbe shi a karkace. Bayansa kuma a samu tudun ƙasa da zai tare abin da ya kuskure.

Harsashi mai zuciyar ƙarfe, irin M855 mai koren kai, ba na wannan aiki ba ne. Ɗora maganaɗisu a kan tsinin harsashin. In ya kama, ajiye shi. Ban da lalata faifai, yana fitar da tartsatsi da ke iya kunna busasshiyar ciyawa.

Tambaya: Bindigar iska ce da ni, ai ba ta da ƙarfin da zai sa in damu?

Amsa: Rashin ƙarfin nan ne ma yake damun mu. Ƙananan ƙwallayen ƙarfe da ake kira BB ba sa farfashewa, tsalle suke yi su dawo, sau da yawa daidai hanyar da suka bi, wato wajen idonka. Kada ka taɓa harba su a kan ƙarfe. Yi amfani da ƙwayar dalma ta milimita 4.5 ko 5.5, wadda ke baje kai in ta bugi faifai. Ita ma in iskar bindigar ta yi ƙasa, takan dawo ba ta baje ba, don haka ka tsaya aƙalla mita 10, ka daina harbi da zarar ka ji ƙarar ta fara raguwa.

Tabarau na kariya mai rufe gefen ido, irin mai lambar Z87.1 da ke nuna yana jure bugu, wajibi ne ga mai harbi da duk wanda ke kallo. Masu bindigar harsashi su ƙara da abin toshe kunne. Bayan ka taɓa faifan ko ka tsince ɓarɓashi, wanke hannu da sabulu kafin ka ci wani abu, domin ƙurar dalma guba ce, kuma ta fi yi wa yara illa.